Kambun da Gwaggo Ta Ɗinke

Daga Allah muka fito, kuma ayarin nan duka wurinSa ya nufa. Ɗan gwaggona ya riga mu isa, ranar kasuwar Illo da hantsi. Na san ba shi ya zaɓi ranar ba, amma da an ba shi zaɓi ita zai ɗauka, don ya ɓata wa mutane ciniki.

Gida ya cika, ba laifi. Masu gaisuwa suna shigowa zaure fuska a ɗaure, su ce, "Allah shi jiƙan Saje." Da sun kai kan kalmar Saje sai ta maƙale musu, su sunkuyar da kai kamar masu kuka, kafaɗu na rawa. Wani mahauci ya ce, "To, yau dai an gyara." Liman ya harare shi, amma shi ma gemunsa motsi yake. Wata tsohuwa da ta taho tun daga Kurgu, kunnenta ya yi nauyi, ta ɗaga murya tsakaninta da Allah ta ce, "Shin mindar nan tashi ta iso kuwa kahin shi cika?" Babban ɗan mamacin ya tashi ya fita.

Sauran idanu kuwa a kaina suke. Ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace. Taubashina ke nan, kuma bawana a al'ada, ko da yake ya girme ni nesa. Tun ina yawo ba wando aikina ne in ci masa fuska, nasa aikin ya haƙura, kuma mutuwa ba ta sallamar taubashi daga aiki. Sai na gyara murya na ce, "Jama'a, ku juyo da gaisuwar nan wajena. Ni na yi hasara. Jakina ya mutu." Aka saki dariyar da ake riƙewa, kowa ya huta. Matarsa ta aiko daga cikin gida a gaya mani ta ji, Allah shi saka.

Kada mai karatu ya zaci gafara na zo nema. Ban zo ba. Na zo ne in rubuta shi kafin 'yan dariya su mutu a rasa mai tuna shi, don ni kaɗai na iya boko a dangi. Shi ya yi yaƙin Jamus, ni na yi yaƙi da jahilci gindin tsamiya bayan la'asar, kuma dukanmu ƙirji wayam muka dawo. Ni a lissafi aka kā da ni. In kun ga harafi ya karkace, ku tallabe shi ku wuce.

Da farko dai, ba saje ba ne. Ko kofur bai yi ba. Bindiga ma ban tabbata ya taɓa ta ba, sai dai in a cikin akwati. Lokacin yaƙin Jamus na farko aka ce kowane gari ya ba da majiya ƙarfi, mai gari ya duba ya ga wuyan ɗan gwaggo, ya ce wannan ya yi. Aka kai su Ikko, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa bayan teku. Can ya yi ta ɗaukar akwatin harsashi a ka, cikin laka da ƙaya, ana harbi ta samansa. Har ya mutu akwai wani fili a tsakar kansa, faɗin faifai ƙarami, inda gammo ya cinye gashin. Na sha neman izni in shuka gero a wurin.

Sunan Saje ni na sa masa, gari ya karɓa. Ya bi shi har likkafani.

Ga yadda abin ya ɓaci. Da aka gama yaƙi ana rubuta wa mutane takardar sallama, shi yana kwance a asibitin Ikko, atuni ya kusa tsinke masa hanji. Takardar kowa an sa mata minda biyu, wato lambobin yabon nan na ƙarfe da ake ratayawa a ƙirji. Tasa kuwa a gurguje aka rubuta aka tura masa kan gado, aka bar wurin mindar fari fat. Bai sani ba, tun da ba karatu ya iya ba. Sai bayan shekaru da mindodin suka iso, aka tara su gaban Joji, Baturen mulki, ana kiran suna. Bature ya duba takardarsa, ya girgiza kai, ya ce ta bakin tafinta babu. In yana so, ya koma barikin soja a gyara.

Ya dawo gida ya ce zai tafi a gyara. Nan Gwaggo ta shigo maganar.

Gwaggo mace ce mai hankali, irin hankalin da ke kashe gida. Ga lissafinta: soja sun kama mata ɗa, wannan takarda ce ta sako shi. Ashe ke nan ƙarfin sakin a cikinta yake. In ta bar jikinsa, ko aka yi ta buɗe ta iska na shiga, sallamar za ta fice su dawo su kama shi. Yana gona ta ɗauke takardar daga cikin tukunya ta kai wa baduku. Aka linke ta ƙanana, aka naɗe da zare, aka ɗinke cikin jar fata kamar kowace laya, aka yi mata igiya ta zama kambu. Da ya dawo ta ɗaura masa a dantsen hagu da hannunta.

Ina wurin. Ta kama ƙirjinta ta ce, "Don nonon da ka sha, kada ka kwance shi, kada ka buɗe shi. Ko ina raye ko bayan raina."

Ya ce, "Inna, gyara za a yi."

Ta ce, "Mi ya ɓaci? Ga ka, ga ƙahwahunka biyu. Ɗiyan wasu ƙarhe sunka samu, ni ɗa na samu."

Shi ke nan. Kambu ya zauna. Da shi ya yi noma cikin ruwan Agusta, da shi ya yi wanka, da shi ya tsallake Kwara a iyo shekarar da kwalekwale ya kife, da shi ya yi zazzaɓi yana zufa kamar randa. Fatar ta tashi daga ja ta koma baƙa, ta yi santsi tana ƙyalli. Ƙarƙashinta kuwa naman hannun ya yi zobe fari.

Maganarsa ɗaya ce a duniya: "Sai an gyara." Matarsa ta ce ɗaki na yoyo, sai an gyara. A ce ya zo ya zauna cikin dattawa ranar suna, ya tsaya daga bakin ƙofa, sai an gyara. Ba ya zama kusa da waɗanda suka dawo tare da shi in sun rataya mindodinsu. Har yara suka mai da ita waƙar tashe. Gona ma da maci yake zuwa, fartanya a kafaɗa, yana lef-rai shi kaɗai. Duk mai kaki da ya gifta, ko ɗan sandan kasuwa ne, ko mai duba rigakafin shanu, sai ya miƙe ya ƙame ya sara masa. Na taɓa aro tsohuwar rigar masinja na yi ta kai da komo gabansa ranar kasuwa, yana miƙewa yana zama, har gwiwarsa ta gaji kafin ya gane fuskata.

Tun da ta'aziyya ce, dole in faɗi alheri ko da guda. Wata damina maciji ya sare ni a fadamar da ke tsakanin Kurgu da Zagga. Ƙafa ta fara hawa, mai maganin yana Zagga, ba jaki ba doki. Ɗan gwaggo ya ɗaure mani cinya da rawaninsa, ya saɓa ni a wuya, ya kama wani irin sassarfa da ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Bai tsaya ba, bai sauke ni ya huta ba. Ni kuwa ina sama ina ganin duhu-duhu, amma ban bar aiki ba. Na ce, "Bawa, rage girgiza, jakin kirki ba ya haka."

Yana haki ya ce, "Akwatin harsashi ya hi ka nauyi, ɗan kawu. Kuma ya hi ka hankali, don bai magana."

Nan kaɗai ya taɓa cina a wasa. Na warke, na rama.

Gwaggo ta rasu, abokan tafiyarsa suka bi ɗaya bayan ɗaya, aka yi yaƙin Bama aka samu sababbin tsofaffin soja masu ƙirji cike da ƙarfe. Shi yana nan da kambunsa. Sai ga shekarar mulkin kai. Sanƙira ya zaga yana shela cewa Turawa za su tafi, za a sauke tutarsu a ɗaga tamu, kuma tsofaffin soja masu minda su ne za su zauna sahun gaba.

Ya zo gidana tun ban karya ba. Ya ce, "Tashi ka raka ni. Wanda ya ɓata shina shirin tahiya. In ya tahi, wa za ya gyara?"

Muka shiga kwalekwale muka haye zuwa Bagudo, don a lokacin akwai akawun da ke karɓar koken tsofaffin soja. Mutumin Kudu ne, Kirista, ya daɗe cikinmu har Hausa ta zauna a bakinsa. Na so ƙwarai ya zama mugu, labarin ya fi daɗin faɗi, amma ba mugu ba ne. Ya ba shi kujera, ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Baba soja, wannan ba wuya. A takardar akwai lambarka ta soja. Da lambar za a nemo ka a Kaduna, a ga ka cancanta, a sa maka. Kawo takardar."

Ɗan gwaggo ya naɗe hannun riga ya miƙa masa dantse.

Akawu ya dubi kambu, ya dube ni. Na ce, "Ita ke nan, Malam. Sai ka buga hatimin a hammata."

Akawu ya ce, "Baba, sai an buɗe."

Ɗan gwaggo ya fita ya zauna gindin wata bishiyar bedi, ya dafe kambun da hannun dama. Ya daɗe. Ina ganin bakinsa na motsi, da Gwaggo yake magana. Inuwa ta matsa ta bar shi a rana bai sani ba. Can ya tashi ya ce a kira baduku daga kasuwa.

Labari ya riga baduku isowa. Masu jiran shari'a, masu tallar fura, 'yan kwalekwale, duk suka cika barandar. Aka yanke igiyar. Hannun ya fito da farin zobensa kamar na wanda aka kwance wa mari. Baduku ya bi ɗinkin da wuƙa a hankali, ya ɓare fatar, ya juye abin da ke ciki a kan teburin akawu.

Wani ɗan dunƙule ne baƙi, kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu a aljihu. Akawu ya sa bakin alƙalami zai ɗaga gefe, abin ya rabe biyu, ya zube gari. Ba harafi, ba hatimi, ba ma takarda. Zufa da ruwan sama da Kwara sun gama karatunta tuntuni.

Wurin ya yi tsit. Irin shirun nan ne da in taubashi bai cika shi ba, wa zai cika? Na ce, "Barka, Saje. Mutane da baki suke shan rubutu, kai ka shanye naka ta hammata."

Barandar ta fashe. Har baduku sai da ya aje wuƙa ya riƙe ciki.

Akawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, lambar fa? Ba ka riƙe ta a ka ba?"

Ya ce, "Kaina na kaya ne, Malam. Mi zan riƙe a ka, abin shina hannuna?"

Ya tattara garin nan da gefen tafinsa, bai bar ko ƙwaya ba, ya mai da cikin fatar, ya ce wa baduku ya ɗinke. Akawu ya ce saura hanya ɗaya, ko da ba shi da tabbas: a samo wanda suka yi yaƙin tare, mai minda, ya ba da shaida.

A kwalekwale muna komawa, bai dube ni ba, ruwa yake kallo. Ya ce, "Ɗan kawu, yau ɗai. Yau ɗai da ka yi shiru."

Na ce, "Al'ada ba ta da ranar hutu, bawa."

Iyakar faɗanmu ke nan a duniya. Ba a yarda taubashi ya yi fushi ba, don haka bai yi ba. Ya dai bar cin tuwo a gidana.

Mai shaida ɗaya ya rage da rai, wani Badande masunci da ya ƙaura hayin da Faransa ke mulki tun shekarun baya, can bayan Illo. Muka taka da ƙafa ta hanyar 'yan gishiri. Muka same shi a bakin ruwa, ya makance, yana lalube yana ɗinkin koma. Ɗan gwaggo ya ƙame ya sara masa, ya faɗi ko shi wane ne. Tsoho ya yi ta juya kai, bai gane ba. Ya ambaci jirgi, ya ambaci dajin da suka kwana cikin ruwa, ya ambaci Baturen da aka harbe a wuya. Duk a banza. Sai na taimaka. Na ce, "Baba, mai atuni."

Fuskar tsoho ta washe. Ya ce, "Mai zawo? Kai ne? Wanda munka riƙa ja mai tabarma nesa da mu? Ashe ba ka mutu ba." Ya rungume shi yana dariya har da hawaye. Duk yaƙin nan, da kayan da aka ɗauka, wannan ne ya rage a kan mai shaida.

Na rubuta shaidar yadda na iya, muka shafa masa baƙin tukunya a babban yatsa ya dangwala. Ɗan gwaggo ya ce, "Mindodinka fa, suna ina?"

Tsoho ya jawo gefen komar ya lalubo. Ga su nan ɗaure cikin jerin dalmar da ke nutsar da koma, su biyu, sun yi kore, kan Sarkin Ingila ya sha laka har hanci ya shafe. Ya ce, "Nauyinsu daidai ne. In kana so kwance ka tahi da su, ka aiko man da dalma biyu."

Na ce, "Saje, ga gyara ta zo har gida. Karɓi. Wa zai sani?"

Ya riƙe ɗaya a tafin hannu, ya goge ta da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sake ta ta faɗa cikin komar. Ya ce, "Nashi ne. Ni nawa nika so a rubuta."

Akawu ya karɓi shaidar, ya karanta, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce mutanen hayi sun riga mu samun mulkin kai, tsohon nan yanzu ɗan wata ƙasa ne, yatsansa ba ya aiki a nan sai da hatimin hukumarsu da Faransanci. Duk da haka zai aika, a gani.

Ranar tuta ta zo, ba a ga amsa ba. Ɗan gwaggo ya wanke wata tsohuwar rigar kaki, ya zo fili tun da sassafe. 'Yan Bama suna tsaye, sa'o'in ɗansa, ƙirjinsu na kacau-kacau. Ya nufi wurinsu, ɗan doka ya tare shi da sanda ya ce, "Masu minda ɗai, Baba." Ana cikin haka aka ga ba a kawo bencin da za su zauna ba, yana can makaranta. Wani daga cikin manya ya waiga ya ce, "Ga Saje nan, ai ya iya kaya."

Ya tafi. Muka hango shi tafe ta tsakiyar fili, dogon benci a kan filin nan na tsakar kansa, ba gammo, baya a miƙe, ƙafa na faɗuwa daidai. Tsoho mai furfura, amma bencin ko rawa bai yi ba. Ni na ba da murya daga cikin taro: "Lef, rai. Lef, rai." Jama'a suka karɓa da tafi. Ya sauke benci a inda aka nuna masa, masu minda suka zauna a kai. Ya koma bayansu ya tsaya. Da tuta ta hau, hannunsa ne ya riga na kowa zuwa goshi, kuma shi ne na ƙarshen saukewa.

Bayan nan duk ranar da ya samu mai haye da shi sai ya je ya tambaya, ta zo? Aka ɗauke akawun nan, aka kawo wani ɗanmu na gida mai sabon takalmi, wanda ya tambaye shi wane Jamus. Damina kaɗan ya ƙara.

Ba a binne mutum da laya. Masu wanka suka yanke kambun suka miƙa wa babban ɗansa, shi kuma ya riƙe da yatsu biyu yana neman inda zai jefa. Ranar sadakar uku matar mamacin ta sa aka kira ni bakin ƙofar ɗakin takaba. Ban ga fuskarta ba, hannunta kawai ya fito ta ƙarƙashin asabari, da kambun a ciki.

Ta ce, "Ya bar sallahu. Ya ce a ba ubangijinshi."

Na ce, "Gādon bawa ke nan? Ba ko akuya?"

Ta ce, "Ya ce kai ka iya boko, kuma bakinka bai gajiya. Ya ce ka gyara."

Ta janye hannunta. Na tsaya ina neman abin da zan ce, ban samu ba, kuma ba kowa a wurin da zai yi dariya ko da na samu. Mutumin da ya ɗauki kayan kowa, ya tashi tafiya ya ɗora mani nasa.

To, ga shi na gyara, da hannuna, ba hatimi, ba izinin Kaduna. Ɗan gwaggona, mutumin Illo, ɗan dako a yaƙin Jamus na farko. Ya je, ya ɗauka, ya kai, ya dawo. Minda biyu. Na rubuta su a wurin da aka bari fari, duk wanda bai yarda ba ya zo ya same ni. Allah Ya sauke masa kaya, Ya ba shi sahun da ba a tambayar ƙarfe, Ya haɗa shi da Gwaggo su ƙarasa gardamarsu.

Jiya na bi ta rumfar dukawa da takardun nan a hannu. Wani baduku ya hango ya ce, "Baba, kawo in ɗinke maka su kada su lalace."

Na ce masa ya kiyaye ni. Wannan a buɗe za ta zauna.